A ciwo bashi a ba marasa aiki? To wa zai biya?

Ɗan Kusugu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun safe nake zaune a rumfar POS ɗina nan bakin tasha, sabis ya ɗauke, mutum uku kacal na sallama kafin azahar. Zaman banza ya sa na hau latse-latsen waya, sai na ci karo da wani abu da ya tsaya mani a rai. Ashe jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda aka ce ta fi yawancin ƙasashen duniya arziki, gwamnatin tarayyarsu na bin ta bashin kusan dala biliyan 20. Kuma ba titi ta shimfiɗa da su ba, ba asibiti ta gina ba. Lokacin korona ta ranto ta riƙa biyan waɗanda suka rasa aiki, duk mako. To ni tambayata, in masu kuɗi ba su ji kunyar cin bashi don kada talakansu ya kwana da yunwa ba, mu me ya hana mu? Shekarata 4 da gama bautar ƙasa. Kullum sai ka ji an ciwo bashi kaza, an ciwo bashi kaza. Ko sau ɗaya a ciwo da sunanmu mana, a ba kowane matashi mara aiki ko dubu 20 ne a wata har Allah ya kawo sauƙi. Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Direban Jibiya:
Wa'alaikumussalam. Ka sosa mani inda ke mani ƙaiƙayi. A sa sunana na farko.

Malama Mai Alli:
Dubu 20 sau mutum nawa, ƙanena? Fara ƙirgo marasa aikin layinku kaɗai ka gani.

Ɗan Kusugu:
Anti, ai in ana maganar talaka ne ake tuna lissafi. In motocin manya za a sayo ba mai ɗauko kalkuleta.

Kawu na Amurka:
Ɗana, na ga tambayarka, yanzu na tashi daga aiki. Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma ni da kaina na ci irin kuɗin nan, don haka bari in faɗa maka yadda yake daga ciki.

A watan Maris 2020 otal ɗin da nake aiki ya sallame mu, mu da yawa, rana ɗaya. Na cike takarda ta intanet, bayan ɗan lokaci kuɗi suka fara shigowa duk mako. Kashi biyu ne. Akwai na jiha, wanda ake auna shi da abin da kake ɗauka a da, sannan gwamnatin tarayya ta ɗora dala 600 a kai kowane mako har ƙarshen Yuli. Ban ɓoye maku ba, da shi na biya haya, da shi na aiko da na azumi gida. A watan Afrilu kaɗai mutum sama da miliyan 20 suka rasa aiki a ƙasar nan. Ba don kuɗin nan ba, da an ga abin da ba a taɓa gani ba.

Amma ba kyauta ce da gwamna ya ga dama ya yi ba. Tsari ne tun 1935. Duk mai kamfani, a kan kowane ma'aikaci da ya ɗauka, yana biyan wani haraji na musamman, ana tara shi a asusun jihar. In an sallami mutum ba da laifinsa ba, sai a riƙa ba shi daga ciki, yawancin jihohi har mako 26, da sharaɗin yana neman wani aikin. In asusun ya ƙare, doka ba ta yarda jiha ta ce babu ba, sai ta ranto daga baitulmalin tarayya ta ci gaba da biya. Bashin da ka ji ke nan. A rikicin tattalin arziki na 2008 jihohi sama da 30 suka ranta, abin ya haura dala biliyan 40. Ita Kalifoniyar sai 2018 ta gama biyan wancan, ko hutawa ba ta yi ba korona ta zo ta mayar da ita ruwa.

Sai dai ga abin da ba zai yi maka daɗi ba. Kai, yadda kake ɗin nan, ko a nan kake ba za a ba ka ko sisi daga asusun ba. Wanda ya yi aiki aka zuba don shi, shi ake ba. Wanda ya gama makaranta bai taɓa samun aiki ba, ba ya ciki.

Direban Jibiya:
To fa. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Ɗan Kusugu:
Kawu, ka kashe mani jiki. Amma dai ka yarda sun ci bashin, kuma sama ba ta faɗo ba.

Kawu na Amurka:
Ba ta faɗo ba, amma akwai wanda take ɗiga a kansa. Ka san yadda tarayya ke karɓar kuɗinta? Ba ta zuwa roƙon gwamna. Akwai harajin tarayya da kowane mai kamfani ke biya, dala 42 a shekara kan kowane ma'aikaci. In jiha ta bar bashin ya kwana mata shekara biyu, sai harajin nan ya fara hawa da kanshi, dala 21 duk shekara. A Kalifoniya 2022 ƙarin 21 ne, 2023 ya zama 42, 2024 ya zama 63. Mai gidan abinci da ke da yara goma, wanda bai kori kowa ba, shi ma yana biya. Kuɗin ruwan kuwa daga aljihun jihar yake fita, ɗaruruwan miliyoyin dala duk shekara, kuɗin da da makaranta ko asibiti za su tafi. Jihohi da dama sun yi wayo, da tarayya ta raba masu tallafin korona sai suka toshe ramin da shi. Kalifoniya ba ta yi ba, shi ya sa har yau ake ambatonta. Jihar Niyok ma sai 2025 ta sauke nata.

Kuma in ka bi diddigi, ba korona ce ta fara kashe asusun ba. A Kalifoniya, dala 7,000 na farko na albashin mutum kawai ake ɗora wa harajin, adadin nan ya fi shekara 40 bai motsa ba, alhali komai ya yi tsada. 'Yan majalisa na tsoron masu kamfani in sun ƙara haraji, suna tsoron ƙungiyoyin ƙwadago in sun rage abin da ake biya. Sai aka bar tulun yana yoyo.

Baba Akanta:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, ido ya yi rauni, sai jikata ta ƙara mani girman rubutun. Ɗan Kusugu, shekara 35 na yi ina aikin lissafin kuɗin gwamnati kafin in aje, bari in ba ka amsar da Malama ta nema. Mu ɗauka, misali kawai, matasa dubu 500 a ƙananan hukumomi 34 na jihar nan ta Katsina. Dubu 20 kowanne, naira biliyan 10 ke nan a wata, biliyan 120 a shekara. In shekara ta ƙare sun samu aiki? Ba su samu ba. Sai ka sake ranto wata 120.

Amma ba wannan ne ma babban abin da nake so ka gane ba. Ka ce ko sau ɗaya a ciwo bashi da sunanku. Yaro, an sha ciwowa da sunanku, ba a dai gaya maka bashi ne ba.

2015, da farashin mai ya faɗi jihohi suka kasa biyan albashi, aka ba su kuɗin ceto ta Babban Banki, kimanin naira biliyan 338, a biya cikin shekara 20, ruwa kashi 9 cikin 100. Yaron da aka haifa shekarar nan sai ya isa aure kafin a gama. Afrilu 2020 Najeriya ta karɓi dala biliyan 3.4 daga asusun ba da lamuni na duniya, IMF, saboda korona. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES, na farfaɗo da jama'a bayan korona, da aka rarraba wa jihohi, ya ba da miliyan 800 na tura wa talakawa kuɗi. Rance ne, mai sauƙin ruwa dai, amma rance. Agusta 2023, bayan cire tallafin mai, da aka ce an ware wa kowace jiha naira biliyan 5 na rage raɗaɗi, ka tuna an ce kashi 52 kyauta, kashi 48 a mayar cikin wata 20? Shinkafar da aka raba, kusan rabinta a kan bashi aka ci.

Yadda ake biya kuwa, shi ne abin da na fi sani. Ba a jiran jiha ta kawo. Tun a Abuja, wurin rabon kason wata-wata, ake zare na masu bin bashi, ragowar ita ke isowa. Takardar na zuwa da layi-layi: abin da ya kamata ku samu kaza, an cire kaza na wancan, an cire kaza na wannan. In ta iso sai a zauna a duba wa zai jira. Albashi ba ya jira, don ma'aikata na da ƙungiya. Mai jira shi ne rufin ajin da iska ta yaye, da maganin ƙaramin asibitin ƙauye, da giratutin wanda ya aje aiki. A can Kawunka ya ce masu kamfani ke biya. A nan wanda ba shi da bakin magana ke biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Malama Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ajina yara 90 da ɗoriya, rabinsu a ƙasa suke zaune, in hadari ya taso sai mu matsa kusurwa ɗaya. Yau na san sunan abin da ke damuna.

Mai Atamfa:
Salam 'yan uwa, sabbin atamfofi da leshi sun iso, akwai sari akwai ɗai-ɗai, a yi mani magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Hajiya, ranar Juma'a ce ranar talla. Na goge hotunan, a yi haƙuri.

Sai Mun Gani:
Duk wannan dogon turanci ne. Ku fito fili ku faɗi jam'iyyar da ta jefa mu cikin wannan hali mana. Kowa ya sani.

Shugaban Zaure:
Malam, dokar zaure ta 2. Ba jam'iyya, ba zagin kowa. Gargaɗi na farko.

Baba Akanta:
Bar shi, Shugaba, amsarshi gajera ce. Na yi aiki ƙarƙashin soja, na yi ƙarƙashin farar hula kala-kala. Takardar cire kuɗin nan ba ta taɓa tambayar wace jam'iyya ke kan kujera ba.

Abu ɗaya na manta. Amurka da dala take rance, da dala take biya, ita ke buga abarta. Mu da muka karɓi na IMF a 2020 dala ba ta kai naira 400 ba a farashin gwamnati. Da aka zo ƙarasa biya a 2025 ta haura 1,500. Ko ba ruwa ko kaɗan, a naira ka biya ninki kusan huɗu. Manomi ya san wannan, sunanshi ba-da-kaka. Ka karɓi tiya ɗaya cikin Agusta da ciki ya matsa, kaka ta yi a zo a auna biyu ko uku a bakin masussuka.

Direban Jibiya:
Baba, ni duk na ji. Amma ku masu albashi da fansho kuna magana ne da cikinku a cike. Mu koronarmu ba ɗaya ba ce. Agusta 2019 aka rufe boda, tamu ta Jibiya sai Afrilu 2022 aka buɗe. 2021 aka tsayar da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka datse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga. 2023 aka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufewa wata da watanni. Kowanne a cikinsu ba ni na jawo ba, daga sama aka yanke. Motata da ke yin sawu biyu zuwa Maraɗi ta koma kwana a gindin bedi har tayoyi suka sace. Na sai da akuyoyin maiɗakina, na sai da fili rabin da na gada. In gwamnati ce ta rufe mani hanyar abinci da hannunta, ba ta da haƙƙin ta riƙe ni wata uku? Ko da bashi ne? Ai ni ma bashin na ci, wurin mai shago, kuma nawa ruwan ya fi na Bankin Duniya zafi, don kullum sai na bi ta ƙofarshi.

Baba Akanta:
Wannan magana taka ta fi ta Ɗan Kusugu ƙarfi, kuma ban da amsar da za ta ƙaryata ka. Wanda aka tsayar da sana'arshi da umarni, na ɗan lokaci, ya cancanci a riƙe shi, in ma rance za a yi a yi. Ingila ta yi haka da korona, ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda aka ce su zauna gida, da bashi ta yi. Masifa mai farko da ƙarshe ana iya ranto mata. Rashin aikin da ya zama yanayin gari, kamar zafin Afrilu, shi ne ba a ranto mashi, don ba ranar da zai ƙare balle a fara biya.

Matsalar, in an ce a riƙe ka, ta ina za a san kai ne? Wa ke da sunanka a rubuce, da abin da kake samu a wata?

Direban Jibiya:
Ƙungiyarmu ta tasha na da sunan kowa. Kullum sai mun yanki tikiti.

Malama Mai Alli:
Sunan da ke littafin tasha daban, sunan da zai isa inda ake rabo daban. Lokacin ayyukan nan 774,000 na gwamnatin tarayya, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, dubu 20 a wata har wata uku, a unguwarmu na san zawarawa biyu masu marayu da suka kai takardunsu ba su fito ba. Wanda ya fito, yaron wani ne mai shago biyu, ko tsintsiyar bai taɓa riƙewa ba. Ba zan faɗi wanda ya rubuta sunayen ba, Allah ya sani. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan: bashin na kowa da kowa, rabon na masu uwa a gindin murhu.

Kawu na Amurka:
Malama, kada ki ɗauka nan ma tsarkaka ne. Kalifoniya da bakinta ta amsa cewa aƙalla dala biliyan 20 na kuɗin marasa aiki na korona 'yan damfara suka kwashe, har da sunayen fursunoni aka karɓa. Yawanci daga kason tarayya ne, amma dai kuɗin jama'a ne. Bambancin kawai, wanda ya cancanta shi ma ya samu, ko da an ja mashi rai.

Ɗan Kusugu:
Ni abin dariyar ma, a takarda ni ba mara aiki ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aiki kashi 33 ne a ƙarshen 2020, da ta canza ma'auni a 2023 ya dawo kashi 4 da ɗan ɗoriya, wai in ka yi aikin awa ɗaya a mako kai ma'aikaci ne. Kun ga mutum ukun da na sallama yau sun fitar da ni daga layi.

Direban Jibiya:
Allah ya sanya albarka, ashe da babban ma'aikaci muke hira.

Malam na Zaure:
Assalamu alaikum. Na ga an kira sunana ta gefe a ce in yi magana kan riba. Hukuncin riba ba ɓoyayye ba ne, ba sai na maimaita ba, kuma ba ya canzawa don gwamnati ce ta ci. Amma ni wani wuri hankalina ya tafi. Duk abin da Alhaji na Amurka ya bayyana, in ka cire sunayen turawa, ai shawarar Annabi Yusuf ce, alaihissalam: shekara bakwai na yalwa a bar hatsi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda bakwai masu tsanani. Jihohin da suka ranta su ne waɗanda rumbunsu bai cika ba tun ana damina mai kyau.

Sannan a shekarar fari ta zamanin Sayyidina Umar, wadda ake kira shekarar toka, bai ce kowa ya yi ta kansa ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci daga Masar, aka kafa tukwane a Madina ana ciyar da mutane, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da mai har jama'a suka samu. Ɗan Kusugu, hujjarka tana nan: ciyar da mai yunwa wajibin shugaba ne. Alhaji Akanta, taka ma tana nan: daga inda ke da yalwa aka ɗebo, ba a jinginar da 'ya'yan da ba a haifa ba. Ni abin da ban gani ba a zamaninmu shi ne na ukun, shugaban da zai daina cin nama.

Sai Mun Gani:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi abin da aka hana ni faɗa.

Baba Akanta:
Allah ya gafarta Malam, rumbun ma mun taɓa ginawa. Asusun rarar mai, zamanin Obasanjo, 2004. Ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008, shi ya sa rikicin shekarar bai kayar da mu ba, a lokacin marigayi Malam Umaru 'Yar'aduwa na kan mulki. Daga nan aka yi ta matsa lamba a raba, gwamnoni na cewa ai ruwan saman da ake tanadi dominshi ya riga ya sauko. Yau abin da ya rage bai kai dala miliyan 1 ba. Da korona ta zo sai muka tafi da ƙoƙo.

Don cika magana, ma'aikacin da ke cikin sabon tsarin fansho yana da ɗan abu: dokar 2014 ta yarda in ka rasa aiki ka yi wata 4 ba ka samu wani ba, ka ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ka tara. Amma kuɗin tsufanka ne kake ci tun da sauran ƙarfi. Afirka ta Kudu su suna da asusun marasa aiki na gaske, ma'aikaci kashi 1, mai kamfani kashi 1, kuma da shi suka riƙe mutane lokacin kulle. Mu mutum tara cikin goma ba su da takardar albashi balle a cira.

Kawu na Amurka:
Kafin in kwanta, kada a ce na nuna gefe ɗaya. Akwai jihohin da suka ce su ba za su zauna da bashi ba, suka huce a kan marasa aikin. Karolina ta Arewa a 2013 ta rage mafi yawan abin da ake ba mutum a mako daga dala 535 zuwa 350, ta rage makonnin daga 26 zuwa 20 ko ƙasa. Ta biya bashinta a 2015, 'yan siyasa suka yi ta murna. Wanda aka sallama bayan nan shi ya ji a jikinshi. Ko ta ina ka juya sai wani ya ɗauka, Baba ya faɗa.

Tela na Ƙofar Ƙaura:
Ni ban iya dogon rubutu ba, ku yi haƙuri da ni. Yara 9 ke ƙarƙashina. Shekarar korona an kulle Daura cikin Afrilu, ba a jima ba aka kulle mu nan cikin birni, ga azumi ya kama, lokacin da muke samun na shekara. Shaddodin mutane jibge a shago, kekuna a rufe da buhu. Yaran nan ba albashi suke ɗauka ba, abin da aka ɗinka ake raba masu. Kullum da la'asar sai in ga biyu ko uku sun zo sun tsaya ƙofar gida, ba su ce komai, gaisuwa kawai. Na san me gaisuwar ke nufi. Na ranci buhun gero ɗaya da rabin na masara wurin wani aminina, maiɗakina ta riƙa auna masu tiya-tiya. Sai bayan babbar salla na gama biya. Ba wanda ya tilasta mani, amma da na bar su sun watse, da aka buɗe gari da wa zan yi aiki? Don haka ni na gane abin da Kalifoniya ta yi. Ban dai so in sake yin shi ba shiri.

Shawarata, mu bar jiran Abuja. Mu nan zauren mun kai 40 masu sana'a. Kowa ya riƙa zuba dubu 1 a wata, ba adashe ba, ba mai kwasa. Wanda sana'arshi ta tsaya ba da laifinshi ba, a riƙe shi wata uku.

Ɗan Kusugu:
Na shiga, in dai mai POS na ciki.

Baba Akanta:
Madalla da Tela. Amma bari in yi maka lissafin tun ran gini. Mutum 40, dubu 40 a wata, dubu 480 a shekara. In mutum biyu ne suka samu matsala, gobara ko mota ta lalace, ku ba kowanne dubu 20 a wata, asusun zai ɗauka har abada. In kuwa irin ta korona ce ko rufe boda, duk ku 40 rana ɗaya za ku zo, dubu 800 a wata. Tarin shekara guda ba zai kai ku ƙarshen watan farko ba. Tarin shekara uku, wata biyu ma ba zai cika ba. Ranar nan za ku tsaya daidai inda gwamnan Kalifoniya ya tsaya: ko ku ranto, ko ku rage, ko ku ce wa wasu babu. Ku yanke wannan tun yanzu kuna shiri da juna, a rubuta.

Na biyu, kada ku aje naira. Dubu 480 ta bana ba ita ce ta baɗi ba.

Malama Mai Alli:
To a sayi hatsi da kaka mana, lokacin da yake araha. Ƙanen maigidana na zuwa Dandume duk kaka sarin masara, zai iya haɗo mana. A zuba magani a aje. In shekara ta wuce lafiya a sayar cikin damina a sabunta.

Malam na Zaure:
In don tanadin kanku ne ba don a ɓoye a tsawwala wa jama'a ba, babu laifi. A dai rubuta komai da shaidu, kamar yadda aka umarce mu a kan bashi.

Direban Jibiya:
Ɗaukowa daga Dandume kuma a bar mani, kuɗin mai kawai za ku ba ni.

Sai Mun Gani:
Duk na ji. Buhunan a ɗakin wa za su kwana, kuma makullin na hannun wa?

Tela na Ƙofar Ƙaura:
Kwaɗo uku za a sa. Ɗaya Malam, ɗaya Malama, ɗaya Baba Akanta.

Baba Akanta:
Ku cire ni daga makulli, na riƙe na gwamnati shekara 35 ya ishe ni. Littafin dai ku kawo, shi zan riƙe. Wanda ya yarda ya rubuta sunanshi da sana'arshi a ƙasa kafin Juma'a, in ga ko kun kai 40 ɗin da gaske.

Shugaban Zaure:
Zuwa yanzu mutum 6 suka rubuta. Ɗan Kusugu, kai da ka tayar da maganar ban ga naka ba.

Ɗan Kusugu:
Sabis ya dawo, Shugaba, layi ya taru a rumfa. Ina sallamar su zan rubuta.